Taurarin Damina a Ma'aunin Ilmin Samaniya na Zamani: Sharhi a kan Lissafin Manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun

Gabatarwa



Abin da ya jawo wannan takarda wani ɗan al'amari ne da ya faru da ni a aji. Wata rana ina koyar da ɗaliban shekara ta biyu darasin fassara, sai na ba su wani guntun bayani na Ingilishi a kan yadda taurari ke samuwa, na ce su mayar da shi Hausa. Da na karɓi takardun sai na tarar abubuwa uku mabambanta, waɗanda marubucin ya kira da sunaye uku, duk an taru an kira su gungun taurari. Don in gane iyakar abin, sai na tambaya ko akwai wanda zai iya kawo taurarin damina. Nan take waɗansu 'yan Mafara da Bakura suka jero su kamar karatun allo: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Na ce madalla, to, wa zai fita da ni da dare ya nuna mini Nasara? Aji ya yi tsit. Can sai wani daga baya ya ce, "Malam, ai sunan kwanaki ne kawai, ba wani abu ne da akan gani ba."

Maganar yaron nan rabinta gaskiya ce, rabinta kuskure, kuma maƙasudin takardar nan shi ne rarrabe su. Zan dubi jadawalin taurari da manoman ƙasarmu ke aiki da shi kamar yadda akan dubi kowane matani, watau in auna abin da ya faɗa, da abin da ya yi shiru a kai, da abin da masu karanta shi suka ɗora masa wanda bai ce ba. Ma'aunin kuwa shi ne abin da binciken taurari da hazon samaniya da ƙirar majarra ya tabbatar zuwa yau.

Jadawalin da asalinsa

Tsarin ba boyayye ba ne ga mafi yawan mahalarta wannan taro. An kasa hanyar da wata da rana ke bi a sararin sama gida 28, waɗanda malamai ke kira manzilolin wata. Kowane gida yana da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365 ke nan. Aka kuma raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Larabawa ne suka kawo mana shi tare da sunayensa, harshenmu ya lanƙwasa su. Littafin Muƙni'u na Muhammadu ɗan Sa'idu Almargiti, malamin Maroko da ya rasu a 1678, yana daga cikin waɗanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan Afirka ta Yamma a kan lissafin lokaci da watannin ajami. Daga baya malamanmu suka zuba lissafin cikin waƙa da Hausa don sauƙin hadda, kuma Mervyn Hiskett ya yi nazarin irin waɗannan waƙoƙi a wata maƙala da ya buga a Landan a 1967.

Ta fuskar adabi, waƙar taurari ba waƙar azanci ba ce, kuma zalunci ne a nemi azanci a cikinta. Aikinta riƙe jeri. Amsa-amo da kari su ne igiyar da ke hana suna ɗaya zamewa daga cikin 28, shi ya sa yaron da bai taɓa ɗaga kai ya dubi Nasara ba ya iya faɗinta a muhallinta, tsakanin Zira'a da Ɗarfa, ba tare da tuntuɓe ba. Wannan nasara ce ta waƙar. Amma a nan ne kuma rauninta yake, domin haddar suna ta wadatar da mutane daga kallon mai sunan.

Inda lissafin ya yi daidai da inda ya kauce

Abu na farko da ya kamata a fahimta, wanda na ga ko waɗansu masu rubutu a jarida ba su lura da shi ba, shi ne cewa idan aka ce muna cikin Nasara ba ana nufin Nasara ce ke haskawa da dare ba. Ana nufin rana ce ta sauka a wannan gida, saboda haka taurarin gidan suna fitowa da rana, suna faɗuwa da ita, haskenta ya rufe su. Taurarin damina a cikin ɗari ake ganinsu da almuru. Waɗanda kuwa ke cika sama a daren Agusta bayan ruwa ya wanke ta, watau Ƙalbu da Shaula da Na'a'imu, na ƙarshen kaka ne da na ɗari a jadawali.

Abu na biyu ya fi nauyi. Jadawalin da ke hannunmu yana buɗe damina da Haƙa'a a kwanakin ƙarshe na watan Mayu. Amma wanda ya auna zai tarar a waɗannan kwanaki rana tana tsakanin Suraiya da Dabaran. Takan gifta Suraiya wajen 20 ga Mayu, ta gifta Dabaran a farkon Yuni, ba ta isa Haƙa'a sai tsakiyar Yuni. Nasara sai ƙarshen Yuli, babban tauraron Jabha kuwa sai wajen 23 ga Agusta, lokacin da jadawali ke shirin sallamar damina ɗungurungum. Tsakanin suna da mai suna akwai ratar mako biyu zuwa uku. Dalilin wannan sananne ne tun zamanin Hibarkus na Yunan, fiye da shekara 2,000 da suka wuce: sandar da duniya ke juyawa a kanta tana yin wani lilo a hankali, irin na katantanwar yara in ta kusa faɗuwa, kuma zagaye ɗaya na lilon yana cin shekara kimanin 26,000. Sakamakonsa shi ne taurari na jinkirta wa yanayi da kwana ɗaya a kowace shekara 71 ko 72. Ratar da muke gani shaida ce cewa an ɗaure waɗannan sunaye ga waɗannan ranaku fiye da shekara 1,000 baya, aka bar su a nan, sama kuwa ta ci gaba da tafiyarta.

To, me ya sa manomin Maradun bai yi asarar iri ba saboda wannan kuskure? Saboda ba tauraron yake bi ba, ƙidayar kwanakin shekarar rana yake bi, kuma ruwa ranar yake bi. Garuruwan nan uku suna kusa da daraja 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Rana takan tsaya musu a tsakar ka sau biyu a shekara, wajen 23 ga Afrilu da wajen 20 ga Agusta. Zafin da ke tsakanin nan shi ke janyo iska mai laima daga Tekun Atlantika ta turo busasshiyar iskar hamada arewa, kuma iyakar inda ta kai, nan ne iyakar damina. A farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 da 1984, babu tauraron da ya ƙi fitowa, iskar ce ba ta iso da ƙarfinta ba. Ashe ɗalibina ya yi gaskiya da ya ce sunan kwanaki ne. A matsayin kalanda, jadawalin ingantacce ne, ya ma fi watannin Hijira dacewa da noma, tun da su suna zagayowa da wuri da kwana 11 kowace shekara.

Sai dai ko a matsayin kalandar ina da ƙorafi. Raba shekara kashi huɗu daidai wa daida ba daga ƙasarmu ya fito ba, riga ce da aka ɗinka wa wani aka ba mu aro. Jadawali yana rufe damina a ƙarshen Agusta, alhali duk wanda ya noma dawa a ƙasar Bakura ya san ruwan Satumba shi ke cika mata ido, ko da yake jadawali ya riga ya sa wa kwanakin sunan Sarfa da Iwa na kaka. Haka kuma ruwan shuka ba ya jiran Haƙa'a, wata shekara ya riga ta, wata shekara ya bar ta ta wuce. Manoma sun san haka sarai. Na taɓa tambayar wani dattijo a wani ƙauye gabas da Mafara, na ce, "Baba, in tauraro ya shiga ba a yi ruwa ba, kukan yi shuka?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mu ƙasa muke tonawa mu ga inda laima ta kai. Tauraro yana gaya mana ne ko mun makara." A ganina babu wani masani da zai bayyana amfanin jadawalin fiye da haka. Ba ya cewa gobe za a yi ruwa, yana cewa ga kwanakin da suka rage maka, sai ka zaɓi iri mai saurin nuna ko mai jinkiri. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara wata tambaya dabam yake amsawa, don haka ban ga dalilin da zai sa a haɗa su kokawa ba.

Madatsar Bakolori da aka kammala a kan Gulbin Sakkwato a 1978, wadda filayen ban-ruwanta suka ratsa ƙananan hukumomin nan uku, ta rage wa taurarin damina daraja a wurin mai shinkafar rani, domin shi ƙofar magudana yake kallo. Amma ta ƙara wa taurarin ɗari. Alkama sanyi take so, wanda ya makara da shukarta har ta yi fure a bakin bazara, zafi zai ƙona masa ita.

Akwai wata tuhuma da akan yi wa jadawalin wadda ba ta kimiyya ba ce, watau cewa duba ne. Harshenmu ne ya jawo masa, domin ilmin taurari a Hausa yana ɗaukar lissafin lokaci, yana kuma ɗaukar bokancin da ke danganta arziki da tsiya ga taurari. Magabata sun san duka biyun. Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya yi rubutu yana gargaɗi a guji masu rufa-ido da masu duba da taurari. Hadisin da ya hana a ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa sananne ne, ambaton manzilolin wata don sanin ƙidayar shekaru kuma yana cikin Suratu Yunus. A wannan gaɓa ilmin zamani bai zo da sabon hukunci ba. Tauraron da haskensa ke shekara 600 a hanya ba shi da hannu a hadarin da ya taso daga gabas da la'asar.

Abin da ke bayan sunayen

Yanzu sai rabin maganar ɗalibina da ke kuskure, cewa ba wani abu ne da akan gani ba. Nan ne nake so in daɗe, domin nan ne nake ganin mun yi babban sakaci.

Kafin in ci gaba, ma'aunin nisa da zan yi amfani da shi shi ne shekarar haske, watau tafiyar da haske ke yi cikin shekara ɗaya yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, kimanin kilomita biliyan 9,460 ke nan. Dabaran, jan tauraron da ke rufe bazara, yana nisan shekarar haske 65, hasken da muke gani yau ya baro shi wajen lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai. Suraiya, wadda iyayenmu mata suka fi sani da Kaza da 'Ya'yanta, tana nisan kimanin 440, haskenta ya kamo hanya tun gabanin yaƙin Tondibi na 1591 da ya rusa daular Songhai. A ido suna maƙwabtaka, a haƙiƙa ba su haɗa komai ba sai layin kallonmu. Ido yakan ƙirga shida ko bakwai a Suraiya, amma sun haura 1,000, an haife su tare kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, suna kuma tafiya tare. Ko nisan nata sai da masana suka yi shekaru suna jayayya a kai, domin tauraron ɗan'adam na Hipparcos ya ba da adadin da ya gaza na sauran ma'aunai, har sai da awon rediyo na 2014 da na'urar Gaia, wadda aka harba a 2013 ta daina aiki a 2025, suka raba gardama. Na kawo wannan ne don ɗalibai su san cewa alƙaluman kimiyya ba saukakku ba ne, da gumi da musu ake samunsu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne biyu daga cikin taurarin damina bakwai ba taurari ɗai-ɗai ba ne, kuma mutanen dā sun lura da haka. Baɗalamusa na Iskandariya ya siffanta Haƙa'a da Nasara da cewa kamar gajimare suke. A 1610, da Galileo ya buga abin da ya gani da madubin hangen nesa, zane biyu da ya kawo don ya nuna cewa irin wannan gajimare taron ƙananan taurari ne, na waɗannan wurare biyu ne: ya ƙirga 21 a Haƙa'a, kimanin 40 a Nasara. Watau sunayen da ɗan Bakura ke haddacewa a zaure su ne misalan farko da aka buɗe wannan babi na ilmi da su. Yau an san Nasara curi ne na taurari wajen 1,000, a nisan shekarar haske 600, masu shekara miliyan 600 zuwa 700. Babban tauraron Haƙa'a kuwa jariri ne in an gwada shi da ranarmu mai shekara biliyan 4.6, domin 'yan miliyoyin shekaru gare shi, yana nisan fiye da shekarar haske 1,000, zafin fuskarsa ya ninka na rana wajen sau shida, kuma haskensa ya hura wani makeken zobe na iskar haidurojin kewaye da shi.

Galileo ya zaci duk wani gajimaren sama haka yake, in an sami madubi mai ƙarfi zai watse ya zama taurari. Bai yi daidai ba. A 1864 William Huggins ya tsaga hasken ɗaya daga cikinsu ya ga alamar iska mai ƙuna, ba ta taurari ba. Wanda duk ya dubi kudu da Haƙa'a a daren Janairu zai ga taurari uku a jere, ƙarƙashinsu kuma waɗansu ƙanana uku a rataye, na tsakiyarsu dishi-dishi. Wannan dishi-dishin hazo ne na gaske, iska da ƙura, a nisan shekarar haske kimanin 1,340, kuma a cikinsa ake haihuwar taurari a halin yanzu: ƙura da iska su dunƙule saboda nauyinsu, cikin dunƙulen ya yi zafi har haidurojin ya fara narkewa yana zama hiliyom, tauraro ya kama. Na'urar Hubble da aka harba a 1990 ta ɗauko hoton fayafayan ƙura kewaye da waɗansu jariran taurarin wurin, irin faifan da duniyarmu ta fito daga cikinsa. Cewa taurari galibinsu haidurojin ne da hiliyom kuwa, wata ɗaliba ce, Cecilia Payne, ta nuna shi a kundin digirinta na 1925, manya suka ƙi yarda sai daga baya.

Akwai kuma hazon mutuwa. A kan hanyar rana tsakanin Dabaran da Hana'a, wani tauraro ya fashe, haskensa ya iso duniya a 1054, har aka yi makonni ana ganinsa da rana tsaka. Masanan Sin sun rubuta shi, Ibn Buɗlan likitan Bagadaza ma ya ambace shi. Ɓurɓushinsa shi ne Hazon Ƙaguwa, a nisan shekarar haske 6,500. A nan ne sunan ɗan ƙasarmu ya shiga tarihin wannan ilmi. Samuel Okoye, yana ɗalibi a Kambirij tare da Antony Hewish a 1964 da 1965, ya gano wani ɗan mitsitsin wuri a cikin hazon da ke fitar da amon rediyo mai ƙarfi. A 1968 aka tabbatar cewa gawar tauraron ce, tana juyawa sau 30 a daƙiƙa. Okoye ya dawo ya koyar a Nsukka, ya rasu a 2009. Ban sami ɗalibi ko ɗaya a ajina da ya taɓa jin sunansa ba, kuma laifin namu ne, mu malamai.

Mu koma daren damina. A farkon Agusta, bayan isha'i, in hadari ya wuce, mai tsayuwa a bayan garin Mafara ya fuskanci kudu zai ga Ƙalbu ja wur, ƙaton da in aka aje shi a muhallin rana zai haɗiye duniyarmu har da Mirrihu. Gabas da shi ga Shaula, ga Na'a'imu, ga kuma farin zanen nan da ya ratsa sama daga kudu zuwa arewa, wanda Larabawa ke kira Majarra. Su sun ɗauke shi kogi, Na'a'imu kuwa jiminai, huɗu sun gangaro shan ruwa, huɗu sun sha suna komawa. Zanen nan gefen faifan da muke ciki ne muke hange, faifai mai faɗin shekarar haske 100,000, mai taurari tsakanin biliyan 100 da biliyan 400. Har zuwa farkon ƙarni na 20 ana zaton rana tana tsakiyarsa. Harlow Shapley ne a 1918 ya lura cewa tsofaffin curarrakin taurari sun yi cincirindo a sashen Na'a'imu, ya ce lalle cibiyar tana can, mu kuwa muna gefe. A 1930 Robert Trumpler ya nuna cewa ƙura ce ke tsakaninmu da nesa tana cinye haske, baƙin tsagin da ke raba farin zanen biyu ba rami ba ne, labule ne. A 1933 Karl Jansky ya ba da labarin amon rediyo da ke zuwa daga wannan sashe, rediyo kuwa ƙura ba ta tare shi, da shi aka fara zana hannuwan faifan da ke nannaɗe tun daga shekarun 1950. Cibiyar tana nisan shekarar haske 26,000, rana na kewaya ta cikin shekara miliyan 230, a tsakiyarta kuma akwai baƙin rami mai nauyin rana miliyan 4. Reinhard Genzel da Andrea Ghez sun sami kyautar Nobel ta 2020 saboda bin sawun taurarin da ke kewaya shi, aka kuma fitar da hotonsa a Mayun 2022.

Wani abin lura shi ne wannan cibiya takan ɗago sama da daraja 48 a samaniyar Mafara, alhali a Landan ba ta kai daraja 10 ba, tana can a bakin ƙasa cikin hayaƙi da fitilu. Abin da masani a Ingila ke biyan kuɗin jirgi ya je ya gani, yana bisa rufin ɗakin manomin Maradun. Sai dai dare ya daina zama namu. Tun da aka kwashe 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021 da ɗaliban kwalejin noma ta Bakura a Agustan wannan shekarar, ba malamin da zai ce wa yara su fito bayan gari da dare, kuma dattawan ƙauye da suka san wuraren taurari da ido, da yawansu sun yi hijira zuwa cikin gari inda fitila ke kashe sama. Wannan ma yana cikin asarar da ba a lissafawa.

Matsalar kalmomi

Na dawo kan takardun ɗalibaina. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai, domin na sha jin gungun taurari a labaran rediyo ana nufin abu uku. Akwai surar da ido ke haɗawa daga taurarin da ba su da dangantaka, kamar Zira'a, wanda ɗaya daga cikin taurarinsa biyu ke nisan shekarar haske 34, ɗayan 51. Akwai curi na gaske, 'yan ɗaki ɗaya, kamar Suraiya da Nasara. Akwai kuma majarra sukutum, kamar tamu, ko maƙwabciyarta da Abdurrahman Assufi ya siffanta da ɗan gajimare a littafinsa na 964, wadda Edwin Hubble ya nuna a 1925 cewa tana wajen tamu, yau kuma aka san nisanta shekarar haske miliyan 2.5 ne. Kalmar da ta haɗa abu mai taurari biyu da abu mai taurari biliyoyi ba ta koyar da kowa komai. Haka nan akan ce duniyar Mars alhali Mirrihu na nan a littattafan zaure, tare da Mushtari da Zuhalu, ɗalibi kuma ya gama sakandare bai san Zara matar wata da Gamzaki abu ɗaya ne ba, watau Zuhura, wani lokaci da almuru, wani lokaci da asuba.

Shawarata ita ce a ce sura ga na farko, curin taurari ga na biyu, majarra ga na uku, a kuma ce hazon samaniya ga gajimaren iska da ƙura. Na fi sakankancewa da hazo, domin Bahaushe ya san shi a jikinsa: ƙura ce a rataye wadda ke dusashe abin da ke nesa, ta ja hasken rana zuwa ja da maraice, kuma abin da ƙurar majarra ke yi wa hasken taurari ke nan. Za a iya cewa hazon samaniya wani yana haskawa da kansa, na hunturu kuwa ba ya yi. Gaskiya ne, amma sifa tana maganin wannan, a ce hazo mai ƙuna, da hazo mai aron haske irin shuɗin da ke lulluɓe da Suraiya, da baƙin hazo. Majarra ce na san za ta sha suka, za a ce baƙuwa ce. Amsata ita ce Suraiya da Jabha ma baƙi ne ranar da suka zo, kuma aron kalma daga tushen da sauran 28 suka fito ya fi sauƙin zama a baki bisa aron ta Ingilishi. Aikin da aka yi wa kalmomin nazarin harshe da adabi, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, ya nuna cewa in masana suka zauna suka amince, kalma takan kama ƙasa cikin shekaru kaɗan. Ilmin samaniya bai sami irin wannan zama ba tukuna.

Ga masu buga kalanda da masu karanta jadawali a rediyo kuwa, ban nemi a matsar da ranaku don su dace da taurari ba, yin haka zai ɓata abin da ke da amfani don gyara abin da ba ya cutar da kowa. Abin da na nema layi ɗaya ne a ƙarƙashin kowane suna, mai faɗin watan da za a ga tauraron da inda za a duba. Na gwada wannan da ɗalibaina a cikin harabar makaranta a tsakiyar Janairu, daren da hazo ya yi sauƙi. Da ƙarfe tara Suraiya tana kusa da tsakar ka, Dabaran na biye da ita, Haƙa'a na gabas da su, Nasara kuwa ta ɗago daga gabas kamar tsawon mashi biyu. Yaron da ya ce ba a ganinta shi ya riga kowa gano ta, bayan na ce ya kau da ido kaɗan gefe, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa jin haske mai rauni. Da madubin hannu mai ido biyu da na aro, ya ƙirga taurari 19 a cikinta kafin na karɓa na miƙa wa na kusa da shi.